Ɗinkin bakin mahaifa: abubuwan da ke nuna ko zai riƙe ciki

Ɗinkin bakin mahaifa ƙaramin aiki ne da likitan mata ke yi wa mai juna biyu idan ana tsoron bakin mahaifarta zai buɗe tun lokaci bai yi ba. Ana zagaya bakin mahaifar da zare mai ƙarfi a tsuke, kamar yadda ake zuge bakin jaka, domin ɗan da ke ciki ya ƙara makonni ya yi ƙwari. A asibitocin Sudan sunansa na Larabci ake faɗa, rabɗ unuƙ ar-rahim. A Nijar da Chadi da Kamaru kalmar cerclage ake rubutawa a katin awo, ita ce kuma likitocin Najeriya da Gana ke amfani da ita. A gida cewa ake yi an ɗaure wa wance mahaifa.

Wannan suna na gida yana kawo ruɗani. Ɗaurin da ake yi don tsayar da haihuwa a hanyoyin ƙwai ake yinsa, kuma na dindindin ne. Ɗinkin da ake magana a kansa a nan don riƙe ciki ake yi, ana cire zaren idan haihuwa ta matso, kuma ba ya hana ɗaukar wani cikin.

Tambayar da mace da mijinta ke yi wa likita, a Hasahisa suke ko a Maraɗi ko a Kumasi, ɗaya ce: zai riƙe? Binciken shekaru da dama ya nuna cewa yawancin amsar tana fitowa tun kafin a saka allura. Ta danganta da tarihin cikkunan da mace ta yi a baya, da makon da ta iso asibiti, da yadda aka sami bakin mahaifarta a ranar, da kuma ko ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga.

Yadda bakin mahaifa ke gazawa

Bakin mahaifa shi ne ƙasan mahaifa, wajen da ya sauko cikin farji. A tsakiyar ciki tsawonsa yakan kai santimita 3 zuwa 4, a rufe gam, da wata majina mai kauri da ke toshe hanyar ƙwayoyin cuta. Sai naƙuda ta zo yake yin laushi, ya gajarce, ya buɗe.

A jikin wasu mata wannan yana faruwa tun ciki na wata huɗu ko biyar ko shida, ba tare da naƙuda ba. Mace takan ji nauyi a mara, ko ɗan ciwon baya, ko ta ga majina ta ƙaru. Kafin a ankara faya ta sauko ko ta fashe, ɗa ya fito da ransa amma bai isa rayuwa ba. Idan abin ya maimaitu, a gida akan danganta shi da wabi ko iska ko sammu. Abin da ya bambanta irin wannan ɓari da na watannin farko shi ne lokacinsa da rashin ciwonsa. Ɓarin wata biyu ko uku yawanci daga halittar ɗan tayin ne, kuma ɗinki ba ya hana shi.

Daga cikin abubuwan da ke raunana bakin mahaifa akwai yagewa a haihuwar da ta yi tsanani, da wankin ciki da aka buɗe bakin da ƙarfi, da yanke wani sashe nasa don maganin ƙwayoyin da ka iya zama kansa, da tiyatar haihuwa da aka yi bayan bakin ya gama buɗewa kan jariri ya sauko. Wasu matan kuma da raunin aka haife su.

Iri uku na ɗinkin

Likitan Indiya V. N. Shirodkar na birnin Bombay ya bayyana hanyarsa a 1955: ana ɗan tsaga fatar da ke rufe bakin mahaifa, a ture mafitsara sama, a saka zaren can sama. A 1957 Ian McDonald na Melbourne a Ostareliya ya fito da hanya mai sauƙi, inda ake zagaya bakin da zare ba tare da tsaga komai ba. Ita aka fi yi a yau. Duka biyun ta farji ake yinsu, yawanci da allurar kashin baya, kuma aikin ba ya wuce rabin sa'a a mafi yawan lokuta.

Na ukun ta ciki ake yinsa, da tsaga ciki ko ta ƙananan huda da kyamara. Benson da Durfee suka bayyana shi a Amurka a 1965. Zaren yana zama a can saman bakin mahaifa, ba a cire shi, saboda haka dole haihuwa ta kasance ta tiyata.

Ɗinkin da ake yi saboda tarihi

Wannan ana yinsa a mako na 12 zuwa 14, wato ƙarshen wata na uku, tun bakin mahaifa yana rufe. Babban gwajin da aka yi a kansa shi ne wanda Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya da Kwalejin Likitocin Mata ta ƙasar suka wallafa a 1993, a kan mata 1,292. Cikin waɗanda aka yi wa ɗinki, kashi 13 cikin 100 sun haihu kafin mako na 33. Cikin waɗanda ba a yi wa ba, kashi 17 ne.

Waɗannan alƙaluma suna ɗauke da darasi biyu. Na farko, mace 87 cikin 100 da aka ɗinke da wuri ta wuce mako na 33, wanda albishir ne. Na biyu, 83 cikin 100 sun wuce shi ko ba ɗinki. Ke nan a irin waɗannan mata sai an yi wa 25 kafin ɗaya ta amfana. Ba duk cikin da ya kai bayan ɗinki ba ne ɗinkin ya kai shi.

Amfanin ya fi fitowa fili ga matan da suka taɓa rasa ciki a watannin tsakiya ko suka haifi bakwaini sau uku ko fiye. A cikinsu haihuwa kafin mako na 33 ta sauko daga kashi 32 zuwa 15. Shi ya sa ƙa'idar Birtaniya ta 2022 ta ce irin waɗannan mata za a yi wa ɗinkin tarihi. Ƙa'idar likitocin Amurka ta sassauta, ta yarda a yi ko bayan ɓari ɗaya, muddin a watannin tsakiya ne kuma bakin mahaifa ya buɗe ba naƙuda.

Ɗinkin da ake yi saboda awon tsawo

Matar da ta taɓa haihuwar bakwaini ko ɓarin tsakiya sau ɗaya ko biyu, akan bi ta da hoton ciki daga mako na 16 zuwa 24, yawanci duk bayan mako biyu. Abin da ake aunawa tsawon bakin mahaifa ne. Iyakar da aka amince da ita milimita 25 ce, kusan inci ɗaya. Fiye da rabin matan da ake bi ta wannan hanya bakin mahaifarsu ba ya gajarcewa, sun huta da aikin ke nan.

Idan ya sauko ƙasa da milimita 25 kafin mako na 24, ɗinki yana taimakawa. Wani nazari na 2011 da ya haɗa gwaje-gwaje biyar, mata 504, ya sami haihuwa kafin mako na 35 ga kashi 28 na waɗanda aka ɗinke, da kashi 41 na waɗanda ba a ɗinke ba. Gwajin da aka yi a Amurka a 2009 ya nuna amfanin ya fi ƙarfi idan tsawon ya gaza milimita 15.

Tarihi da awo tafiya ɗaya suke yi. Matar da ba ta taɓa haihuwar bakwaini ba, aka dai ga bakin mahaifarta gajere a hoto, wani babban gwaji na 2004 bai sami amfanin ɗinki a kanta ba. Ita maganin firojestaron da ake sakawa ta farji aka fi ba ta.

Ɗinkin gaggawa

Wannan na matar da ta iso bakin mahaifa ya riga ya buɗe ne, wani lokaci faya tana leƙowa, amma naƙuda ba ta fara ba. Yawanci tsakanin mako na 16 da 24 ake yinsa, wasu asibitoci suna kaiwa har kusa da 28. Shi ne mafi wahalar yi kuma mafi wahalar hasashe. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike goma ya nuna ɗinkin gaggawa yana ƙara wa ciki kimanin kwana 34 a matsakaici, kusan mako biyar, kuma jarirai kashi 71 cikin 100 sun rayu, a inda kashi 43 ne suka rayu ba tare da shi ba. Yawancin binciken ƙanana ne, kuma likitoci sukan zaɓi matan da suka fi kyan alamu su ɗinke, saboda haka ainihin bambancin yana iya zama ƙasa da haka.

Alamomin da likita ke dubawa

Faɗin buɗewar. Idan bakin mahaifa ya buɗe fiye da santimita 4, yiwuwar ɗinki ya gaza tana da yawa. Buɗewar santimita 1 ko 2 ta fi ba da fata.

Inda faya take. Idan tana cikin bakin mahaifa da sauƙi. Idan ta wuce shi ta kumburo cikin farji, ta riga ta haɗu da ƙwayoyin cutar da ke wurin, kuma tana iya fashewa lokacin da ake mayar da ita.

Ƙwayoyin cuta. Wannan shi ne babban mai kayar da ɗinki. Zazzaɓi, ciwo idan an taɓa mara, ruwa mai wari, bugun zuciyar uwa ko na ɗa da ya yi sauri, duk alamu ne cewa cuta ta shiga mahaifa, kuma a wannan hali ba a ɗinki. Akwai kuma cutar da ke ɓoye ba zazzaɓi. A wasu bincike an same ta a ruwan faya na kusan rabin matan da suka zo da bakin mahaifa a buɗe. Hauhawar fararen ƙwayoyin jini da gwajin CRP suna taimakawa wajen gano ta. Saboda haka likita yakan ajiye mace na wasu sa'o'i ko kwana guda yana kallo kafin ya yanke shawara. Wannan jinkiri ba sakaci ba ne.

Makon da ciki yake. Matar da bakin mahaifarta ya buɗe a mako na 18 tana da doguwar tafiya a gabanta fiye da ta mako na 23, ko da an ƙara musu kwanaki iri ɗaya.

Ɗinkin da ya taɓa gazawa. Matar da aka yi wa ɗinkin farji da wuri amma ta haihu kafin mako na 28, sake irinsa ba ya ba da sakamako mai kyau. Gwajin da aka yi a Birtaniya a kan mata 111, aka wallafa a 2020, ya sami haihuwa kafin mako na 32 ga kashi 8 na waɗanda aka yi wa ɗinkin ciki, da kashi 33 zuwa 38 na waɗanda aka sake yi wa ta farji.

Tagwaye. Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da aka fi haihuwar tagwaye a duniya, to wannan ya shafi Hausawa. Ba a ɗinke mai cikin tagwaye don kawai tagwaye ne. Amma wani ƙaramin gwaji na 2020 a kan mata 30 ya nuna amfani idan bakin mahaifa ya riga ya buɗe kafin mako na 24.

Bayan an yi ɗinkin, hoto yana iya ƙara haske. Zaren da ya zauna can sama, da sauran rufaffen bakin mahaifa a bisansa, alama ce mai kyau. Idan faya ta sauko har ta taɓa zaren, haɗarin haihuwa da wuri ya ƙaru, sai a fara shirin kai mace kusa da asibitin da ke kula da bakwaini.

Abubuwan da ba su canza sakamako sosai

An daɗe ana gardama kan irin zaren. Gwajin da aka yi a asibitoci 75 na Birtaniya a kan mata fiye da 2,000, aka wallafa a 2022, ya kwatanta zare mai sili ɗaya da zare tufkakke. Asarar ciki ta zo kusan daidai, kimanin kashi 8 a kowane ɓangare. Haka nan tsakanin hanyar Shirodkar da ta McDonald ba a sami bambanci mai ƙarfi ba, akan bar likita ya yi wadda hannunsa ya fi sabawa da ita. Ga asibitin da ke fama da ƙarancin kaya wannan labari ne mai daɗi.

Kwanciya a gado wata da watanni ba ta nuna amfani ba, kuma tana iya jawo daskarewar jini a ƙafa. Duk da haka likitoci sukan ce a sauke wa mace aikin ƙarfi, irin ɗaukar jarkar ruwa daga magudanar ban-ruwa, da daka, da yini a sunkuye a gonar auduga ko gyaɗa. Batun kwanciyar aure likita ke yanke shi gwargwadon halin kowace mace. Bayan ɗinkin gaggawa yawanci cewa ake a dakata.

Me ake nufi da nasara a Hasahisa?

Kusan duk alƙaluman da suka gabata daga asibitocin Turai da Amurka suka fito, inda jaririn mako 25 ke da kwalba da na'urar numfashi suna jiransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi bakwaini miliyan 13.4 a 2020, wato fiye da jariri ɗaya cikin goma. Ta ce a ƙasashe matalauta fiye da kashi 90 na jariran da aka haifa kafin mako na 28 suna mutuwa a kwanakin farko, alhali a ƙasashe masu arziki ba su kai kashi 10 ba. Rabin waɗanda aka haifa a mako na 32 ko ƙasa da haka su ma ba su rayuwa a ƙasashe matalauta.

To a ɗauki mako biyar ɗin da ɗinkin gaggawa ke ƙarawa. Matar da aka ɗinke a mako na 20 za ta kai 25. A Landan wannan na iya zama nasara. A ƙauyen Jazira yawanci jinkirta rashi ne kawai. Wadda aka ɗinke a mako na 13 saboda tarihinta kuwa, mafi rinjaye za ta wuce mako na 33, lokacin da ɗumi da nono da kulawar da ba ta buƙatar manyan na'urori ke raya yawancin jarirai. Shi ya sa a irin wannan wuri zuwa da wuri ya fi kowane gwaji tasiri a kan sakamako.

Hasahisa gari ne a gaɓar yamma ta kogin Nilu Shuɗi a jihar Jazira, yana kallon Rufa'a a tsallake, a kan hanyar Khartum zuwa Wad Madani. Hausawa sun zauna a wannan yanki tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, suka ƙaru bayan hijirar da ta biyo yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Maiurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe madatsar ruwa ta Sinnar da gandun noman Jazira a 1925, da yawa sun zama ƴan ƙwadagon auduga. Har yau wasu na zaune a ƙauyukan bakin kogi, wasu a matsugunan ma'aikatan gona da ake kira kanabi, waɗanda galibi ba su da asibiti ko tsabtataccen ruwa. Mace mai irin wannan matsala takan fara da ungozoma, wadda ƴan Sudan ke kira daya, daga nan asibitin Hasahisa, idan abu ya yi tsanani sai asibitin koyarwa na mata da haihuwa a Wad Madani, inda Jami'ar Jazira ke horar da likitoci.

Abubuwan da ke dagula hasashe a yankin

Na farko lissafin makonni. Kowace shawara a wannan aiki a kan mako take, mata da yawa kuwa da watan Musulunci ko kakar noma suke lissafi, wasu ma sun ɗauki ciki suna shayarwa ba su ga al'ada ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar hoton ciki ɗaya kafin mako na 24 da zuwa awo sau takwas. Hoton wata uku na farko shi ya fi daidai wajen faɗin shekarun ciki.

Na biyu na'urar awo. Tsawon bakin mahaifa ta farji ake auna shi, mafitsara ba fitsari. Hoton da ake ɗauka ta saman ciki yana iya nuna shi dogo alhali gajere ne. Ba kowane ɗakin hoto ke da kan na'urar da ake wannan awo da shi ba, kuma sai an tambaya.

Na uku kaciyar da ake ɗinke gaban mace, wadda ta yaɗu a sassan Sudan kuma doka ta haramta a 2020. Ba ta da wata alaƙa da ɗinkin bakin mahaifa, amma tana iya hana likita ganin bakin mahaifar ko saka na'ura, har sai an buɗe wurin. Matar da aka yi wa ta gaya wa likita tun zuwan farko.

Na huɗu sauran dalilan haihuwar bakwaini. Jazira ƙasar ban-ruwa ce, zazzaɓin cizon sauro yana tashi sosai bayan damina. Shi da ƙarancin jini, da hawan jini na ciki, da ciwon sanyi na mafitsara, da haihuwa kusa-kusa, duk suna iya tayar da naƙuda da wuri, kuma zare ba ya tare ko ɗaya. Matar da aka ɗinke tana buƙatar gidan sauro, da gwajin jini idan ta ji zazzaɓi, da maganin ƙarin jini, da gwajin fitsari.

Na biyar hanya da tsaro. Ƙasar Jazira baƙin laka ce, da damina motoci na kafewa tsakanin ƙauye da kwalta. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya iso jihar a Disambar wannan shekara, lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025. Asibitoci da dama sun rufe ko an wawashe su, iyalai sun watse zuwa Gadarif da Kasala da ƙasashen maƙwabta, katunan awo sun ɓace. Wannan ya shafi hasashe kai tsaye, domin zare a bakin mahaifa yana buƙatar wanda zai cire shi. Ɗinkin ciki kuma bai dace da matar da ba ta da tabbacin samun tiyata ba.

Haɗurra da waɗanda ba a yi wa

Ba a ɗinki idan naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, ko jini na zuba, ko cuta ta shiga mahaifa, ko ɗan ya mutu, ko yana da nakasar da ba zai rayu da ita ba. Haɗurran aikin sun haɗa da fashewar faya, da zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta. Gwajin 1993 ya sami zazzaɓin bayan haihuwa ya ninka ga waɗanda aka ɗinke. Haɗarin ɗinkin gaggawa ya fi na wanda aka shirya tun da wuri.

Mafi muni shi ne naƙuda a kan zare. Mahaifa tana turowa, baki a ɗaure, sai ya yage, a zubar da jini mai yawa, rauni kuma ya ƙaru ga ciki na gaba. Haka cutar da ta shiga mahaifa aka bar zaren tana iya bin jini ta kashe uwar.

Cire zaren

Ana cire ɗinkin farji a mako na 36 zuwa 37. Na McDonald cikin ƴan mintuna ake cire shi, yawanci ba allurar barci. Mata kaɗan ne ke haihuwa cikin kwana biyu, da yawa sukan ƙara kusan mako biyu, kuma suna haihuwa da kansu. Kafin wannan lokaci, mace ta tafi asibiti ba jira idan ta ji ciwon mara mai zuwa yana tafiya, ko ta ga ruwa ko jini, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko motsin ɗa ya ragu. Ungozomar ƙauye da miji da uwar miji duk su san akwai zare. Ba a shan jiƙon saurin naƙuda a kansa. Wadda ke nesa da asibiti ta koma wajen dangi a gari tun daga mako na 34, musamman idan damina ce.

Idan haihuwar ta zo da wuri duk da ɗinkin, akwai abin yi. Allurar dekisametazon da ake yi wa uwa tsakanin mako na 24 da 34 tana ƙarfafa huhun jariri. Gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 a asibitoci 29 na Najeriya, Kenya, Indiya, Pakistan da Bangaladash ya nuna ta rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6. Ɗora bakwaini a ƙirjin uwa fata da fata tun daga haihuwa shi ma ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin huɗu a gwajin 2021 da aka yi a ƙasashe biyar, ciki har da Najeriya da Gana.

Abin da mace za ta kai wa likita

Tun da tarihi ne ginshiƙin hasashe, kuma takardu na ɓacewa a hijira da ƙetare iyaka, yana da kyau mace ta riƙe waɗannan a ka ko a rubuce, da kowane harshe: cikkuna nawa ta yi, kowanne a wata na nawa ya ƙare, da naƙuda mai ciwo ya fita ko ba ciwo, ruwa ne ya fara zuwa ko jini, ɗan ya fito da rai ko ya riga ya mutu a ciki, an taɓa yi mata wankin ciki, ko tiyata, ko aiki a bakin mahaifa, an taɓa ɗinke ta, a wane wata, kuma har yaushe ya riƙe.

Ga tambayoyin da ita da mijinta za su yi: wane irin ɗinki ne wannan, na tarihi, na awo ko na gaggawa? Milimita nawa ne tsawon bakin mahaifar? Mako na nawa ake fatan kaiwa? Daga mako na nawa wannan asibiti ke iya raya jariri? Wa zai cire zaren, a ina, ranar yaushe? Firojestaron zai iya maye gurbinsa?

Matar da ta taɓa rasa ciki a wata na huɗu zuwa na shida ta je awo da zarar ta ga ɓatan wata biyu. Al'adar ɓoye ciki har sai ya fito takan cinye makonni 12 zuwa 14, waɗanda su ne lokacin da ɗinki ya fi riƙewa.